Injiniyan da ya ƙi duba min gida sai da aka yi ruwa

Maganar gaskiya ni da ban san ana biyan mutum kuɗi don kawai ya zagaya gida ya ce maka saya ko kar ka saya ba, abin da muka saba shi ne ka ɗauko magini ɗan unguwarku ya ƙwanƙwasa bango ya ce "ai gini ne mai kyau Alhaji", shi ke nan an gama. Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani injiniyan gini lokacin da nake cinikin gida ta wajen Rijiyar Zaki a Kano, ɗaki uku da falo, fenti sabo fil har ƙamshi yake.

A makare na kira shi. Na riga na ba da kafin alƙalami saboda dillali ya tasa ni gaba wai akwai wani daga Abuja da zai turo kuɗi gobe (kullum fa akwai wani daga Abuja). Da injiniya ya ji haka sai ya ce "Yallaɓai ai kafin kuɗi su bar hannunka ake kiranmu, yanzu ko me na gani ƙarfinka ya ragu a ciniki." Na ce to ya zo yau yau, ya ce a'a, tunda Agusta muke ciki mu jira a tafka ruwa, washegari da sassafe sai mu je. Raina ya ɓaci wallahi, na ɗauka jan aji ne. Kwana uku muna kallon sama.

Ranar da muka je na gane nufinsa. Tsakar gidan ashe ta fi titi ƙasa, ruwan layin maimakon ya bi kwata ya wuce sai ya dawo ta ƙarƙashin get ya kwanta har bakin kicin, abin da in da rani ka zo ko a mafarki ba za ka gani ba. Ya sa hannu a bangon ɗakin baya, danshi ya kai gwiwa, ya ɗan kankare fentin sai ga filasta tana zuba kamar gari, farin gishirin nan ya gama cin ta, fenti kawai aka shafa a kai. Ya hau cikin silin da tocila ya ɗauko min hoton katakon da gara ta cinye da wurare biyu da kwano ke yoyo. Ya buɗe akwatin wuta ya ce wayar ta yi siriri, ba za ta ɗauki AC ba. Sokawe kuma dab da rijiya, wannan ya fi komai tayar min da hankali saboda yara.

Abin da ya burge ni, rijiyar cike take amma ya ce kar in yarda da ita, da damina kowace rijiya jaruma ce, sai watan Afrilu ko Mayu ake sanin mai ruwa. Ya tura ni maƙwabta, wani dattijo ya ce min duk bazara 'yan garuwa suke kira.

Inda ban ji daɗinsa ba, ya makara awa biyu bai ko kira ba, rahoton da ya ce gobe sai bayan kwana huɗu ya turo ta WhatsApp, shi ma turanci zalla sai da na sake kiransa ya min bayani. Kuma ku sani ba ya taɓa takardu, maganar C of O (takardar shaidar mallaka ta gwamnati) da bincike a KANGIS (hukumar adana bayanan filaye ta Kano) aikin lauya ne, bashin wuta ma ni na je na bincika da kaina. Dubu hamsin na ba shi, na so ya rage ya ƙi.

Hotunan na kai wa mai gida gaban dillali, aka yi ta ja har magariba, daga ƙarshe ya rage abin da zai gyara rufi da cikon tsakar gida. Sokawen dai daga aljihuna zan haƙa sabo, an ce in bari sai ƙasa ta bushe a Nuwamba.