Na'urar tayar da mota daga nesa: wacce ta dace da ranar Sakkwato?

Duk wanda ya taɓa barin mota a rana a bakin Babbar Kasuwar Sakkwato cikin watan Afrilu, ya dawo bayan Azahar, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sitiyari ba ya kamuwa, ƙarfen bel ɗin kujera kamar yanzu aka ciro shi daga maƙera. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Mutanen Kanada da Rasha sanyi ne ya sa suka rungumi na'urar da ke tayar da mota daga nesa. Mu don esi muke nemanta: ka danna rimot kana daga inuwa, kafin ka iso mota ta huce. Sai dai ka sani, yawancinsu ba sa kunna esi da kansu. Yadda ka bar maɓallan sa'ad da ka kashe mota, haka za su same su.

Kafin ka tambayi kuɗi, dubi motarka tukuna. In giyarta otomatik ce, hanya a buɗe take, don ba ta tashi sai tana fakin ko firi. In manuwal ce, shawarata ka haƙura. Mu nan mun saba barin mota a giya ta ɗaya saboda hambirki ya gaji, ranar da ka manta ka danna rimot, motar za ta zabura ta nufi abin da ke gabanta, katanga ce ko yaro mai wasa. Akwai na'urorin da aka yi wa manuwal, masu tilasta maka ka bar ta a firi, ka ja hambirki, ka fita injin na aiki kafin ta kashe kanta, amma duk tsaron ya rataya ne a kan wanda ya haɗa wayoyin.

Sai makulli. Yawancin Corolla, Camry da Accord da muke hawa yanzu suna da ɗan ƙwayar tsaro a cikin kan makullin, ƙwaƙwalwar mota ba ta barin injin ya tashi sai ta ji shi. To ta yaya mota za ta tashi alhali makulli na aljihunka? Nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Hanyar arha ita ce a ɗauki makullinka na biyu a cusa shi cikin wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari. Mota za ta tashi, amma ka rasa makullin ajiya, kuma ɓarawon da ya san kan abin ka gama yi masa aiki. Hanyar kirki ita ce ƙaramar na'urar da ke magana da ƙwaƙwalwar mota kai tsaye, irin na kamfanonin Fortin da iDatalink na Kanada, waɗanda ake saita su da kwamfuta daidai da samfurin mota da shekararta.

Mafi sauƙi a cikin zaɓin ita ce wadda ke aiki da rimot ɗin motar na asali: ka danna maɓallin kullewa sau uku, injin ya tashi. Da yawansu da soket suke zuwa, a zare na mota a jona, kusan ba a yanka waya. Aibinta ɗaya, ba ta wuce nisan da makullinka ke kaiwa. Ga mai ajiye mota a ƙofar gida ko gaban shago, ita na fi so.

Mai zuwa da nata rimot iri biyu ce. Ta farko aika saƙo kawai take yi, ba ta dawo maka da amsa; in ba ka hango fitilu sun ƙifta ba, ba ka san ko ta tashi ba. Ta biyu, irin manyan samfuran Compustar da Viper, tana ƙara ko ta nuna maka a ɗan allo cewa injin na aiki, kuma takan kai kilomita ɗaya ko fiye. Ta fi tsada, amma ma'aikacin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da motarsa ke can bayan gine-gine, ita ce tasa. Nisan da aka rubuta a kwali dai a fili aka gwada shi, bango da rumfunan kwano suna cinye rabonsu.

Ta wayar salula ba ruwanta da nisa, sabis take so. Irinta masu suna DroneMobile da SmartStart an gina su ne kan layukan Amurka da Kanada, da kuɗin rajista da ake sabuntawa, don haka kada ka yi odarsu da ka. Wasu samfuran StarLine na Rasha suna karɓar layi irin namu. Layin sai an haɗa shi da lambar NIN, ana kuma sa masa data. Wanda ya tuna yadda aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a 2021 zai nemi wadda ke da rimot a gefe.

Akwai kuma 'yan Chana masu arha da ke mayar da mota mai tashi da danna maɓalli maimakon murɗa makulli. Suna da burgewa, amma sau da yawa sai an kashe makullin sitiyari kafin su yi aiki. Ni ban yarda da wannan cinikin ba.

In motarka 'yar Kwatano ce da ta fito daga Kanada, leƙa bayan madubin tsakiya. Ka ga wata 'yar eriya manne da gilashi? Wataƙila na'urar na ciki tun can, rimot kawai za ka nema. Wani mai wayarin ya taɓa nuna mini irin wannan a motar maƙwabcina, yana dariya: "Alhaji, abin da kaka nema ai ga shi nan cikin motag ga."

Mai wayarin shi ne rabin cinikin. Ka tsaya a kansa: kowace mahaɗa a like ta da dalma, ba murɗawa da salatif ba, don salatif narkewa yake a zafin nan. Ya sa maɓallin bonet, yadda mota ba za ta tashi ba hannun bakanike na kusa da fanka. A saita ta mutu da kanta bayan minti 10. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba mai son injin ya yi ta ci a tsaye, ga shi yakan sha wajen lita ɗaya a awa in esi na kunne. Kada kuma ka tayar da ita a rufaffen gareji, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ankara ba.

Kafin ka biya cikon kuɗi, gwada a gabansa. Tayar da ita da rimot, shiga ba makulli, taka birki: dole ta mutu. Ɗaga bonet, danna rimot: dole ta ƙi tashi. Washegari da asuba ka murɗa makulli ka ji ko batir ya kwana da ƙarfinsa.