Walimar Da Aka Ƙirga Mana Kawuna A Birmingham

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ya yara, ya mutanen Tudun Wada? Tun da kika ga hotunan walimar kammala karatun Abban yara kike tsokanata, wai mun zama Turawa, mun kwashi baƙi zuwa gidan abinci maimakon mu ɗora tukunya. To bari ki ji yadda aka yi.

Ba son raina ba ne. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, kicin ɗin kuwa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya yi gefe. Babu tsakar gida, babu ƙofar gidan da za a kafa rumfa a jera kujerun haya kamar yadda muka yi a sunan autarki. Ga sanyin Disamba, ga mutum 34, manya 26, yara 8. Shi ya sa muka nemi irin gidan abincin da ake kira bufe: a biya kuɗi kan kowane mutum, kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi abin da ransa ke so, ya koma ya ƙara har ya ƙoshi.

Maganar halal ce ta fi cin lokacinmu. Birmingham gari ne na Musulmi da yawa, ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum uku cikin goma ne. In kin bi Coventry Road ko Alum Rock Road, kusan kowane shago da rubutun halal a gilashinsa. Sai dai rubutun ba ya wadatarwa. Wani wurin kajinsa ne kawai halal, can gefe ga naman alade, kuma a bufe cokalin zuba abinci yawo yake yi daga wannan kwano zuwa wancan a hannun mutane. Wani wurin kuma nama duk halal ne amma ana sayar da giya, kin san ba zan zaunar da Hajiya, mahaifiyar Abban yara, kusa da kwalba ba. Hukumomin da ke ba da takardar shaida su ma ba bakinsu ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu, HMC, ba ta yarda a sumar da dabba kafin yanka ba, wata kuwa, HFA, ta yarda matuƙar sumarwar ba ta kashe dabbar ba. A Zariya wa ya taɓa tambayar mahauci takarda a kasuwar Sabon Gari? A nan sai da Abban yara ya taka da ƙafarsa wuri uku yana karanta takardun bango. Ya kuma tambayi wurin sallah, don a Disamba kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, la'asar tana kama mutum da faranti a hannu.

Abu ɗaya da na so a ce muna da irinsa a gida shi ne makin tsafta. Duba-garinsu na shiga kicin ba sanarwa, su ba da maki daga 0 zuwa 5, a manna koriyar takarda a ƙofa. A Ingila ba dole ba ne a manna, amma makin yana intanet, kowa na iya dubawa. Wani wuri da aka yi ta yaba mana, ga fitilu ga kujeru kamar fadar sarki, muka duba muka ga maki 2. Ko waya ban ƙara yi musu ba.

Wanda muka zaɓa, fam 24 babba, yaro rabin haka. Suka karɓi kafin alƙalami fam 10 kan kowane kai, wanda bai zo ba kuɗinsa ya bi ruwa. Sannan suka gaya mana abin da ya fi tayar min da hankali: awa biyu cif muke da ita, bayan nan wasu ne za su zauna a teburin. Awa biyu, Yaya! Mutanen da in an ce ƙarfe ɗaya sai su zo bayan la'asar. Na ce wa kowa sha biyu da rabi, alhali ƙarfe ɗaya aka ba mu. Duk da haka wasu iyali sai saura minti ashirin suka shigo, da ƙarin mutum uku da ban san da su ba, wai baƙinsu ne daga Manchester. A gida wannan ba magana ba ce, a ƙara faranti, tuwo ya isa kowa. A nan ina murmushi ina "sannunku da zuwa", ina kallon yaron wurin yana danna na'urarsa, fam 72 ta hau kanmu. Na ji kunyar kaina da na kama zuciyata tana lissafin baƙo.

Kuɗin da aka rubuta ba shi ne ƙarshe ba. Lemo daban ake biya, kuma ga taro mai yawa suna ɗora kashi 10 cikin 100 na hidima. Muka tashi a wajen fam 900. A lokacin fam ɗaya tana kusan naira 2,000, ki yi lissafin da kanki, ni ba na son tunawa. Da wannan kuɗin da layinmu kaf ya ci ya ture, a aika kuloli Kofar Doka da Samaru, a kai wa almajiran tsangayar bayan gida.

Abincin dai ba laifi. Na Pakistan ne: biryani, gasasshen naman rago, gurasarsu mai zafi da ake fitarwa daga tanderu kina kallo, miya kala-kala, komai da ɗuminsa har muka tashi. Ɗan wata ƙawata ba ya cin gyaɗa, jikinsa kumbura yake yi. Tana tambaya aka kawo mata takarda, don doka ta tilasta su faɗi abubuwa 14 da ke yi wa wasu illa in suna cikin abinci. Na tuna yajin tsirenmu da ƙuli-ƙuli a ciki, na ce wannan yaron in ya zo Zariya sai an tsare shi. Ban wanke tukunya ko ɗaya ba, ban bi kowa bashin kula ba.

Amma Hajiya! Ta ci kaɗan, ta ce shinkafar doguwa kamar taliya, yajin ƙamshi ne ba zafi. Can na hango ta buɗe jaka ta zaro leda, ta jawo farantin naman da yara suka rage. Na matsa na ce a hankali, "Hajiya, a nan ba a fita da abinci." Ta dube ni ta ce, "Ba an biya ba?" Na ce an biya na ciki ne kawai, kuma wasu wuraren har tara suke ci in an bar abinci a faranti. Ta ce, "To maƙwabtan da ba su zo ba fa, me za a kai musu?" Ta mayar da ledar, ta yi shiru. A mota ta ce wa ɗanta ita ba ta ga walima ba, cin abinci ta gani.

Asabar ɗin da ta biyo baya sai da na jiƙa shinkafa na yi waina da miyar taushe, Hajiya da kanta ta zuba a robobi, muka bi ƙofa-ƙofa har gidan tsohuwar Baturiyar da ke ƙasanmu. Tandar da nake da ita mai gida huɗu ce, na kai azahar a tsaye. In kin samu mai tahowa, ki sayo min mai gida goma sha biyu a Sabon Gari, ki haɗa da kuka da daddawa. Kilishi kam kar ki sa, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su ƙwace.