Naɗin Takardar Fiyano: Na Gama-gari Ko Na Welte?

Mai tara tsofaffin naɗin fiyano, wato doguwar takardar nan mai huje-huje da iska ke bi ta danna maɓallan ba tare da hannun mutum ba, zaɓi biyu ne a gabansa.

Akwai naɗin gama-gari mai maɓalli 88, wanda masana'antu suka daidaita ma'auninsa a birnin Buffalo na Amurka a 1908. Yana da araha, samunsa ba wuya. Kai ne za ka taka feda da ƙafafunka: ka matsa, sauti ya tashi; ka sassauta, ya kwanta. Gumi kam sai ka yi shi.

Sai kuma naɗin Welte-Mignon na Jamus da takwarorinsa Duo-Art da Ampico. Waɗannan suna da ƙarin huji a gefe, masu riƙe da nauyin hannun makaɗin. Fitaccen mai tsara kiɗa Mahler ya kaɗa wa kamfanin Welte a 1905, takwaransa Rachmaninoff kuma ya yi wa Ampico. Matsalar dai, kowane kamfani da tsarinsa, gyaran injin ma akwai cin kuɗi.

Ni zuciyata tana wurin na farko. Ina ƙaunar jin ƙarar takardar tana warwarewa, ƙafafuna suna ba ta numfashi.