SlaveVoyages: Bitar Rumbun Bayanan Jiragen da Suka Kwashi Bayi daga Afirka

Duk wanda ya taɓa neman alƙaluma masu tushe a kan cinikin bayi na Tekun Atlantika ya san yadda ake ambaton miliyoyi ba tare da an faɗi inda aka samo su ba. Wannan ya ce miliyan goma, wancan ya ce ɗari, kowa da irin tasa. Shafin intanet na SlaveVoyages yana cikin wurare ƙalilan da mai karatu zai iya bin lissafin har zuwa tushensa, jirgi bayan jirgi, kuma kyauta ne ga kowa. Na shafe makonni ina amfani da shi, na kuma gamsu cewa a fagen ƙidaya babu na biyunsa, sai dai ya kamata mai shiga ya san daga hannun wa ƙidayar ta fito.

Aikin ya fara fitowa ne a faifan kwamfuta a shekarar 1999, ɗauke da tafiye-tafiye fiye da 27,000 da masana tarihi irin su David Eltis da David Richardson suka tattara. A 2008 aka buɗe shafin a ƙarƙashin Jami'ar Emory ta Amurka, daga baya ya koma hannun Jami'ar Rice. Yanzu rumbun yana da tafiye-tafiye sama da 36,000 da aka yi tsakanin 1514 da 1866, waɗanda aka tsamo daga takardun tashoshin jiragen ruwa, da littattafan 'yan kasuwa, da jaridun zamanin, da bayanan kotuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake tace bayanai. Mutum na iya zaɓar tutar ƙasar da jirgi ya ɗaga, ko shekara, ko tashar da aka yi lodin mutane, ko wadda aka sauke su, ko sunan jirgin da na kyaftin ɗinsa, sai jadawali ya fito da yawan waɗanda aka ɗora da yawan waɗanda suka isa da rai. Akwai ma gurbin da ke nuna ko waɗanda aka kama sun yi bore a kan teku, abin da masana suka ƙiyasta ya faru a kusan jirgi ɗaya cikin goma. Akwai kuma taswira mai motsi wadda kowane ɗigo a kanta jirgi ne. A farkon ƙarni na 16 ɗigon jefi-jefi ne, amma da an shiga ƙarni na 18 sai teku ta cika kamar an watsa gero. Ban ga malamin da zai iya bayyana girman al'amarin da baki kamar yadda wannan taswira take yi cikin 'yan mintuna ba.

Alƙaluman kansu suna gyara tunani. Ƙiyasin shafin ya nuna an ɗora mutane kimanin miliyan 12.5 a jiragen, kimanin miliyan 10.7 suka sauka, wato kusan miliyan 1.8 sun halaka a hanya. Wanda ya san tarihin bauta ta hanyar finafinai kawai zai ɗauka Amurka ce ta karɓi kaso mafi tsoka, alhali waɗanda aka kai Arewacin Amurka kai tsaye daga Afirka ba su kai 400,000 ba, yayin da Burazil ita kaɗai ta karɓi kusan miliyan biyar. Jiragen Fotugal da Burazil ne suka fi jigila, sai na Birtaniya da suka ɗauki fiye da miliyan uku. Ta fuskar inda aka kwaso su kuwa, yankin Angola da Kongo ne kan gaba da fiye da miliyan biyar da rabi, sai gaɓar tekun Benin, wadda ta haɗa da Wida (a Jamhuriyar Benin ta yau) da Legas, da kimanin miliyan biyu.

A nan akwai wani tarko da sabon mai amfani zai iya faɗawa. Shafin ya raba tsakanin tafiye-tafiyen da aka samu takardunsu da kuma ƙiyasin jimillar cinikin, wanda ya cike giɓin jiragen da takardunsu suka ɓace ko kuma aka yi fasa-ƙwaurinsu bayan an haramta sana'ar. Ko a cikin jadawalin ma, wasu lambobin an ƙiyasta su ne daga girman jirgi da hanyar da ya bi. Masu shafin sun yi bayanin hakan dalla-dalla, amma ɗalibin da ke gaggawa zai iya kwafe lamba ya kafa hujja da ita bai san wace iri ba ce.

Babban abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa wannan kundi na masu jirgi ne. Waɗanda suka rubuta takardun asali kaya suke ƙirgawa, domin haka mutum yana shiga lissafi ne a ranar da aka ɗora shi a jirgi, kuma sunan tashar da aka yi lodinsa shi ne ya zama asalinsa. Jirgin Zong misali ne mai tayar da hankali: a 1781 ma'aikatansa suka jefa mutane fiye da 130 cikin teku, kuma abin da ya kai maganar kotu a Landan a 1783 shi ne neman kuɗin inshora. Wannan giɓi na rashin sanin asalin mutane ya shafi mai karatu Bahaushe kai tsaye. Tarihi ya tabbatar da cewa a farkon ƙarni na 19 an kai Hausawa da yawa Bahiya ta ƙasar Burazil, har suka jagoranci yunƙurin bore a 1807 da 1814, kafin babban boren Musulmi na 1835 a birnin Salbado. Amma a jadawalin jirage ba za a ga garin da aka kama su ba, ko yaƙin da ya ci su, ko hannaye nawa suka bi kafin su ga teku. Legas ko Wida kawai za a gani.

Inda mutum ya ɗan sake bayyana shi ne sashen sunaye. Bayan Birtaniya ta haramta cinikin a 1807, sojojin ruwanta sun riƙa kama jiragen bayi, kotunan Firitawun ta Saliyo da na Habana ta Kyuba kuma suka riƙa rubuta sunayen waɗanda aka 'yanta, tare da shekarunsu da tsawonsu. Sunaye fiye da 91,000 ne a wannan sashe. Akawunan sun rubuta su ne yadda kunnensu ya ji, saboda haka suna ɗaya kan zo da rubutu iri-iri, sai mai nema ya furta shi a fili kafin ya gane cewa sunan Musulmi ne da ya saba ji tun yana yaro. A wannan sashen na fi daɗewa, musamman a kan layukan yara 'yan shekara bakwai ko takwas.

Kada kuma a nemi abin da shafin bai yi alkawari ba. Fataucin teku ne aikinsa; ayarin da suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus da Masar, da bautar cikin gida wadda ta bar mana kalmomi irin su rinji da murgu da bacucane, kuma ba a soke ta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936, duk sai an neme su a wasu kundayen. Haka nan muryar bawa da kansa tana cikin rubuce-rubucen mutane irin su Olaudah Equiano, wanda ya buga tarihin rayuwarsa a 1789, da Mahommah Gardo Baquaqua, wanda nasa ya fito a 1854 bayan ya ɗanɗani bauta a Burazil. Marubucin da ke shirin rubuta labari a kan wannan zamani zai samu jirgi da shekara da hanya a shafin, amma tsoro da ƙishirwa da kewar gida sai ya nemo su a wurin waɗannan.

Shafin yana aiki da Turanci da Fotugis da Sifaniyanci, kuma da yake jadawalan suna da faɗi, sun fi daɗin karantawa a allon kwamfuta. Ana iya sauke bayanan gaba ɗaya domin nazari. Ina ba malaman tarihi da ɗaliban jami'a da 'yan jarida shawarar su yi amfani da shi ba tare da shakka ba, su fara da karanta bayanin yadda aka yi ƙiyasi, sannan taswira, sannan su ware lokaci mai tsawo ga sashen sunaye, domin akwai dubban sunaye a ciki da ke jiran kunnen da ya san harshensu.