Zaɓen Littafin Gane Tsuntsaye ga Mai Kallo a Ƙasar Hausa

Wanda ya tsaya a bakin ruwan Dagona, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, a watan Janairu, zai tarar da kirinjijiya da dinya sun cakuɗe da agwagin da suka gudo wa sanyin Turai, kuma a nan ne zai san ko littafin da ke hannunsa ya ci kuɗinsa. Nijeriya kaɗai tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, saboda haka littafin da aka yi don Turai ko Afirka ta Kudu ba zai kai mutum ko'ina ba.

Wanda ya fi dacewa da yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, sai dai dole mai saye ya lura, domin ya fito a siga fiye da ɗaya. Na 2001 babba ne mai kaurin bango, shafinsa ya haura 800, na ajiyewa a kan tebur ne a duba bayan an dawo gida. A 2004 aka fitar da ƙaraminsa na ɗauka zuwa daji, sannan aka sabunta shi a 2014. Wannan na ƙarshen nake ba da shawara a nema, domin taswirar inda tsuntsu yake zama tana daura da zanensa, ba sai an yi ta buɗe shafuka ba alhali tsuntsun yana shirin tashi. Mutanen Maraɗi da Damagaram da suka fi sakewa da Faransanci za su same shi a fassare daga kamfanin Delachaux et Niestlé.

Littafin Ian Sinclair da Peter Ryan, Birds of Africa South of the Sahara, ya tattara nau'i sama da 2,000, kuma yana da amfani ga matafiyin da yau yana Kano gobe yana Nairobi. Amma ga mazaunin gida yawan nan nauyi ne, tunda akasarin abin da ke ciki ba zai taɓa sauka a gonarsa ba. Tsohon littafin Serle da Morel na 1977 ya yi zamaninsa, kuma ba kowane nau'i ya zana ba. Birds of Nigeria na Elgood kuwa sunansa na iya ruɗar mai saye, domin jerin sunaye ne da bayanin inda aka ga kowane tsuntsu, ba littafin zane ba.

Kafin a biya kuɗi, a buɗe shafin janbaki da dangin marai. Mazansu suna yin ado da damina, amma da rani sukan koma launin ƙasa-ƙasa kamar matansu, kuma a lokacin ne mutane suka fi fita kallo. Idan littafi bai zana namiji da mace da ɗan tsako mai tasowa da kamannin rani ba, a mayar da shi kanta. A kuma duba shirwa: tamu mai ɗorawan baki ce, baƙuwar da ke zuwa da hunturu kuwa bakinta baƙi ne, kuma littafin kirki zai nuna su duka biyu a sama, fukafukai a buɗe. Wannan ne dalilin da ya sa zane ya fi hoto a wurina, domin hoto tsuntsu ɗaya yake kamawa a haske ɗaya.

Manhajar Merlin ta waya kyauta ce kuma tana taimakawa wajen gane kukan tsuntsaye, muddin an sauke bayanan yankin tun daga gari, tunda ba a dogara da intanet ko caji a cikin Yankari. Babu ɗaya daga cikin littattafan nan da ya kawo sunayen Hausa, don haka a haɗa da fensir, a riƙa rubuta shamuwa da gauraka da cilakowa a gefen shafi duk lokacin da masunci ko maharbi ya faɗi sunan.