Yawon kwale-kwale zuwa Nakupenda da Changuu a Zanzibar: a fara duba lokacin ruwa

Masu kwale-kwale a bakin tekun Stone Town, tsohon garin Zanzibar a Tanzaniya, kusa da lambun Forodhani, suna haɗa wurare biyu a yini ɗaya: tsibirin Changuu da tudun yashin Nakupenda. Tafiyar ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗi guda. Nakupenda yashi ne fari tas a tsakiyar teku, yana fitowa idan ruwa ya janye, ya nutse idan ya cika. Wanda ya isa ruwa na dawowa, ɗan abin da zai samu na tsayawa bai taka kara ya karya ba.

Don haka kafin a yi maganar kuɗi, a tambayi mai jirgi ƙarfe nawa ruwa zai janye ranar. Lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, shi ya sa tsarin jiya ba ya yi wa yau. Farkon watan Musulunci da tsakiyarsa ne ruwa ya fi ja da baya, yashin ya fi faɗi. Ƙwararren mai jirgi da kansa zai ce a fara da Nakupenda ko da Changuu, gwargwadon ruwan. Wanda ya ce kowane lokaci daidai ne, a nemi wani. A kuma kula da ƙidayar Sawahili: "saa tatu" na safe ƙarfe 9 ke nan, domin daga ƙarfe 6 suke fara lissafi.

Abincin rana shi ne abin yabo. A kan yashin ake gasa kifi da jatan lande da sauran naman teku, a haɗa da soyayyen dankali, a biyo da abarba da kankana. Sai dai ba bishiya ko ɗaya, inuwar tamfol ce kawai, kuma babu makewayi. Mai tafiya da iyali, musamman mata da tsofaffi, ya kammala uzurinsa da alwalarsa tun daga Changuu ko masauki. A riƙe takalmin roba saboda bushiyar teku, ƙayarta na karyewa a cikin tafin ƙafa.

Changuu tafiyar minti 20 zuwa 30 ce daga gari. An gina kurkuku a can a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da wurin na killace masu cuta. Manyan kunkurun Aldabra, waɗanda asalinsu kyauta ce daga Seychelles a 1919, su ne abin kallo. Awa ɗaya ta wadatar.

Inda ake samun saɓani shi ne kuɗin shiga Changuu, don sau da yawa ba ya cikin kuɗin jirgi. A tsayar da magana tun a tudu: kuɗin shiga, abinci, tabaran ninkaya da bututun numfashi, da lokacin dawowa. A ƙirga rigunan ceto da ido, har da na yara, kafin a tashi. Daga Maris zuwa Mayu daminar Masika ce, ruwan sama kan soke tafiya, saboda haka kada a biya duka kuɗin kafin safiyar ranar.