Ajin Turanci na dare a unguwar Zariya: darasin da ya fara daga ƙwayar sukari

Wata uku ke nan ina zuwa wani ajin Turanci na dare a nan Maradi, domin kasuwancina yana kai ni Katsina da Kano, inda Faransancin da muka koya a makaranta ba ya biyan buƙata.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda malamin yake bin kalma har tushenta. Wata rana ya zuba sukari kaɗan a tafin hannunsa, ya rubuta sugar a allo, sannan ya bayyana mana cewa asalinta sharkara ce a harshen Sanskirit na Indiya, wadda ma'anarta ta farko tsakuwa ce. Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar, kuma bayan sun kai noman rake Andalus (a Sifen ta yau) da tsibirin Sisili na Italiya, kalmar ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 13. Ashe sukarinmu da sucre na Faransanci da sugar duk tsatsonsu ɗaya, shi ya sa ban sake mance kalmar ba.

Matsalar ita ce ɗakin ya yi mana kaɗan, kuma idan aka ɗauke wuta zafi yakan hana mutum natsuwa. Duk da haka na riga na biya kuɗin wata mai zuwa.